Ba ciki ba ne, iska ce

Ranar Asabar ɗin nan da ta wuce wata kwastoma ta zo karɓar ɗinkinta da yamma, na miƙe daga kan keke zan ɗauko mata, kawai sai naga ta bi ni da kallo tana murmushi, tace "a'a Anti, ashe abin arziki ya samu, to Allah ya raba lafiya." Nace amin. To me zan ce mata? Ita ce ta huɗu a cikin watan nan, ni kuma na gaji da bayani, in ka fara sai ka kai ga maganar hanji da tusa a gaban mutum ya zo karɓar leshinsa na biki.

Babu ciki wallahi. Iska ce. Yau wata bakwai kenan da aka yi min tiyata a hanji kuma tun daga lokacin cikina bai koma nawa ba, shi ya sa nace bari in zauna in rubuta duk abin da na gwada, wanda ya yi da wanda bai yi ba, ko Allah zai haɗa ni da wadda ta bi ta wannan hanyar ta fita.

Abin ya faro ne kamar wasa, zazzaɓi. Aka ce maleriya, na sha na kemis, ya lafa ya dawo, aka canza wani, ina ta fama da ɗinkin sallar mutane ban ma tsaya ba, sai da na shiga sati na uku rannan da daddare ciki ya murɗa min irin murɗar da ko naƙuda ban ji ba, ya ƙame kamar katako, ko zani ba na son ya taɓa. Ashe taifod ce ta huda hanji. Likitan da ya yi aikin daga baya ya zana min a bayan kati, yace ƙaramin hanji tsawonsa ya kai wajen mita 6, ni kuwa nan take na lissafa nace turmin atamfa guda kenan har da ɗan ragowa, yayi dariya yace toh a can wajen bakin turmin taifod ta fi yin ɓarna, wajen da ƙaramin hanji ke shirin haɗuwa da babba. Huda uku suka samu kusa da juna, sai suka yanke wajen gaba ɗaya kamar inci 8 suka haɗe baki da baki suka ɗinke. Nace likita ashe sana'armu ɗaya.

A asibiti ne na fara sanin tusa tana da daraja. Duk nas ɗin da ta shigo tambaya ɗaya ce, Hajiya kin yi tusa? Ranar da na yi, kwana huɗu bayan aiki, Umma har hamdala ta yi da ƙarfi, don sai da aka yi ta sannan suka yarda in kurɓi ruwa. Ana cewa tusa ba ta hura wuta, to ni dai ita ta buɗe min bakin cin abinci.

Na ɗauka da ɗinki ya warke shikenan. Ina! Ga yadda ranata take tun daga wata na biyu. Da asuba cikina shafe yake, in na sa tef a kan cibiya inci 31. Kafin la'asar ya kai 33 ko 34. Bayan isha'i 36, ranar da abin ya ɓaci 37, ya yi tamtsan yana sheƙi, in na buga da yatsa sai ya ba da sauti kamar kalangu. Kuma ba kumburin ne damuwata ba, zafin ne, wani abu ne yake tokare ni ƙarƙashin haƙarƙari ta dama sannan ya gangaro mara yana yawo yana ƙugi, kina jin iskar ta zo wani waje ta tsaya cak ta ƙi gaba ta ƙi baya, sai gumi ya karyo miki. Sujada ta zama aiki, akwai lokacin da na fi sati biyu ina magariba da isha'i a zaune. Siket ɗina duk na farke su na sa roba.

Kun dai san halinmu, mara lafiya ba ya rasa likitoci. Kowa ya zo dubiya da nasa. Wannan tace basir ne ya taso, wancan tace sanyi ne ya shiga ta wajen ɗinkin, wata tace ai iskar ɗakin tiyata ce suka rufe da ita a ciki. Hajiyar maigidan ta aiko da ruwan kanwa a gora, kuma gaskiya in na sha nakan yi gyatsa mai ƙarfi inji kamar an sauke min kaya, sai da na faɗa wa likita yace ai kanwar ce da kanta take haɗuwa da ruwan tsamin ciki ta haifar da iskar da nake gyatsawa, wato ni nake ƙera iskar kuma in fitar da ita ina murna, ga gishirin da ke cikinta, yace in bari. Na sha hulba, na sha tafarnuwa da zuma da safe kullum har sati uku (ku riƙe wannan, zan dawo kanta), na sha jiƙon da har yau ɗacinsa in na tuna sai yawu ya tsinke min. Wanda ya faɗa rijiya ko kaifin takobi aka miƙo masa kamawa zai yi.

A haka Yayana da ya yi karatu a Indiya ya kawo maganar homiyofati. Ni da farko na ɗauka wani reshe ne na maganin gargajiyar Indiya irin na saiwa da ganye, ashe ba haka ba ne, asalinsa ma daga Jamus yake, wani likita Samuel Hahnemann ne ya ƙirƙiro shi a 1796. Indiyawa ne dai suka rungume shi sosai, suna da kwalejojinsa, har yana cikin ma'aikatar da gwamnatinsu ta kafa a 2014 mai suna AYUSH. Abin da ya ban sha'awa, wai farkon abin daga ɓawon itacen da ake samun kwinin ne, maganin maleriyar nan, mutumin ya sha yana lafiya lau sai yaji alamu irin na zazzaɓi, daga nan ya yanke cewa abin da ke jawo wa mai lafiya alamar ciwo shi zai warkar da mai wannan ciwon in an ba shi ɗan kaɗan.

Yaya ya haɗa ni da wani mai wannan maganin ta bidiyo a WhatsApp, shi yana fassara min inda Turancin ya fi ƙarfina. Zan faɗi gaskiya tsakanina da Allah, mutumin nan ya saurare ni. Awa guda cur. Ya tambaye ni ƙarfe nawa ciwon ya fi tashi, ta wane gefe nake kwanciya, ina son ruwan sanyi ko na ɗumi, ina son a yi min fifita, zaƙi na fi so ko gishiri, ina yawan fushi, har mafarkina ya tambaya. Ni da na saba layin asibiti tun bakwai na safe sannan in na shiga minti biyar an rubuta an ce na gaba, sai da na yi hawaye bayan mun gama, kuma daren nan na yi barci mai daɗi tun kafin in ga ƙwayar maganin da idona.

Bayan sati biyu wani ɗan kasuwa ya taho min da su. 'Yan kwalabe ne kamar yatsa, cike da farin ƙwayoyi ƙanana kamar gero, zaƙi zau. Lycopodium 30C, wai na mai kumburin da ke tashi daga huɗu na yamma zuwa takwas na dare, nace wannan ai ni aka gani aka yi shi. Carbo veg na gyatsa da kumburin sama. Wani mai suna China na wanda ya yi rauni bayan aiki ko zubar jini. Sai Raphanus, shi kuma na iskar da ta maƙale bayan tiyata. Da sharuɗɗa, kar in taɓa da hannu sai dai in zuba a murfi in juye ƙarƙashin harshe, kar in ci komai kusa da shan, ba kofi, ba na'ana'a, kuma in nisanta kwalaben daga ƙamshi mai ƙarfi. Ni da ɗakina ba ya rabuwa da turaren wuta da humra sai da na kai su kicin na ɓoye a cikin wata tsohuwar samira.

Satin farko na rantse da sauƙi. Na kira Yaya ina ta sa albarka. Amma ni tela ce, abin da tef bai nuna ba ban cika yarda da shi ba, kuma tun kafin maganin ya zo na riga na fara rubuta awon cikina a bayan littafin awon kwastomomi, safe da la'asar da dare. Da na cika sati shida ina sha sai na zauna na jera shafukan. 31, 34, 36. 31, 33, 37. Kafin magani da bayan magani lambobin kamar an kwafe. Darare nawa ciwo ya tashe ni, shi ma lissafin bai motsa ba. Hankalina ne ya ɗan kwanta, cikin yana nan yadda yake.

Ƙanwata da ke karatun haɗa magunguna ita ta warware min ma'anar 30C ɗin nan, da kofin zoɓo a hannunta. Tace Yaya ki ɗauki ɗigo ɗaya na zoɓon nan ki sa a ɗigo 99 na ruwa ki girgiza, 1C kenan. Ki ɗebi ɗigo ɗaya daga wancan ki sa a wani sabon 99, 2C. Haka za ki yi ta yi har sau 30. Nace ai tun a na uku ja ya ɓace. Tace ba ja kaɗai ba, in aka wuce na 12 da wuya a samu ko ƙwayar zarra ɗaya ta zoɓon a ciki, ruwa ne zalla, shi ake ɗigawa a kan ƙwayar sukari. Su masu abin sun san da haka, cewa suke girgizawar ce take bar wa ruwan tasirin maganin. Ta nuna min kuma cewa a 2015 hukumar binciken lafiya ta ƙasar Ostireliya ta bi bincike 176 a kan cututtuka 61 ta ce ba ta samu ciwo ko ɗaya da aka tabbatar homiyofati na warkarwa ba, sannan a 2017 hukumar lafiyar Ingila ta ce likitocinta su daina rubuta shi. Na ji ta, amma ban daina sha ba a lokacin, nace ai ba ya cutarwa, sukari ne, kuma na riga na biya.

To ga inda ya kusa cutar da ni, ba ƙwayar ba, maganar da ta zo da ita. Mutumin ya ce min in na ga ciwo ya ƙaru kar in tsorata, alama ce magani ya kama aiki, yakan tayar da ciwo kafin ya kwantar. Rannan aka yi sunan ƙawata, na saki jiki, na ci alale biyu, na ci kwaɗon zogale, aka kawo aya da dabino na yi ta watsawa ana hira. Tun magariba ciki ya fara ɗaurewa yana saki, yana ɗaurewa yana saki kamar naƙuda. Wajen goma na fara amai. Tusa ta ɗauke ɗif, bayan gida babu. Ni kuma ina zaune bakin gado ina zuba Raphanus ƙarƙashin harshe duk bayan minti sha biyar ina ce wa Abban yara ka bari aiki yake. Sai wajen uku na dare da aman ya koma kore shar yace wallahi ko ki tashi ko in ɗauke ki, ya buga wa maƙwabcinmu mai adaidaita ƙofa.

Hoton ciki ya nuna hanji ya toshe, ba gaba ɗaya ba Allah ya taimaka. Aka zura min roba ta hanci har ciki tana zuƙo ruwan, ƙarin ruwa a hannu, ba ci ba sha kwana uku, ana jiran a gani ko zai buɗe da kansa ko a koma tiyata. Ya buɗe. Likitan bai yi min faɗa ba amma kallon da ya yi wa 'yan kwalaben nan da Abban yara ya ɗauko a leda ya ishe ni. Yace yawancin wanda aka buɗe wa ciki, musamman in ƙazanta ta zuba a ciki kamar nawa, jiki yana yin wani tabo daga ciki kamar yanar gizo-gizo, ya manne hanji da hanji ko hanji da bangon ciki, sai a samu lanƙwasa ko wajen da ya tsuke, abinci mai ƙaiƙayi da zare-zare irin aya in ya zo nan sai ya cunkushe. Ba maganin sha da ke narkar da wannan tabon, kuma ba a son sake buɗewa haka kawai don sabon yanka sabon tabo ne. Ya ƙirga min a yatsa yace in kin ga ciki ya kumbura ya ƙi sauka, ga amai musamman kore, ga tusa da bayan gida sun tsaya, ko zazzaɓi ya haɗu da ciwon, ko jini, ba a jiran gari ya waye, kar ki ci kar ki sha komai ki taho.

Daga nan kwalaben suka koma samira suka zauna. Ban ji haushin Yaya ba, so ne ya sa.

Abin da ya motsa tef ɗina shi ne abinci, kuma nan ne nake neman taimakonku. Kafin a sallame ni aka tura ni wajen wata ma'aikaciyar sashen abinci, mace mai haƙuri, da ta ga littafin awona sai tace madalla kin rage min aiki, yanzu ki ƙara layi ɗaya, me kika ci. Ta yi min bayanin wani tsari da ake kira fodmaf, masu bincike a Jami'ar Monash ta Ostireliya suka fito da shi, asali don masu ciwon hanjin nan mai yawan kumburi da murɗa ba tare da an ga rauni ba, tace ba don masu tiyata aka tsara shi ba amma dabararsa za ta iya yi min amfani. Wai akwai wasu nau'in sukari a abinci da ƙaramin hanji ba ya iya tsotsewa sosai, sai su ja ruwa, su wuce wajen ƙwayoyin halittar da ke zaune a babban hanji su kuma su yi ta ci suna fitar da iska, kamar dai ƙullun waina in ya kwana ya tashi. Mai lafiya iskar za ta wuce abinta, ni da hanyata ke da kwana-kwana sai ta tsaya.

Da ta fara lissafo su sai naji kamar kicin ɗina take leƙawa. Albasa. Tafarnuwa. Wake. Alkama, wato burodi da taliya da fanke da cincin. Madara. Mangwaro, kankana, tuffa. Zuma. Kun tuna tafarnuwa da zumar da na yi sati uku ina sha da safe a matsayin magani? Na koma littafi na duba, satuttukan nan ne 37 ɗina suka fi taruwa. Na yi dariya har ɗinkina ya amsa.

Tace ba har abada ba ne, sati biyu zuwa shida ake janyewa, sannan a riƙa dawo da su ɗaya bayan ɗaya ana kallon wanda ciki ya ƙi, don in mutum ya zauna a kan ɗan abinci kaɗan ramewa zai yi, ni kuwa dama tiyata ta zabge ni. Na yi sati huɗu. Tuwon shinkafa mai laushi da miyar kuɓewa ɗanya, dankalin turawa, ƙwai, kifi, kaza, kunun gyaɗa mai ruwa-ruwa, kokon gero da aka tace sosai, gwanda, faten acca. Miya ba albasa kam azaba ce, ranar farko yara suka ce Mama yau miyar asibiti aka yi. Dabara biyu ta koya min da suka cece ni, ɗaya in yi amfani da koren lawashi kawai in bar farin gindin, ɗaya kuma in soya albasa da tafarnuwa manya-manya a cikin mai sannan in tsame su tas in yi girki da man, wai abin da ke kumbura cikin a ruwa yake narkewa ba a mai ba, ƙamshin ya shiga shi kuma bai shiga ba. Amma kar a jefa su cikin ruwan miya a ce za a tsame daga baya, wannan an riga an gama. Daddawa kuma ba ta taɓa min komai ba, ita ke riƙe da mutuncin miyata yanzu.

Sai yadda ake cin. Na daina cika faranti sau uku, na koma ɗan kaɗan sau biyar ko shida, ina taunawa har sai na gaji da kaina. Lemon kwalba na sallama shi, cingam ma haka don iska ake haɗiya. Ruwan ɗumi da 'yar citta bayan abinci. Kuma dole in tashi daga kan keke, da sai in zauna tun hantsi har la'asar a dunƙule ciki a matse, yanzu duk bayan cin abinci sai na zaga tsakar gida minti goma sha biyar, maƙwabciyata ta leƙo ta katanga tace ko sa'ayi ake koya. In iskar ta tsaya da dare nakan kwanta ta hagu in naɗe gwiwa, ko in yi goho in sa gorar ruwan ɗumi, sau da yawa tana wucewa. Likita ya ban simetikon, maganin iskar ciki, yana ɗan taimakawa wani lokacin, ya kuma hana ni tiramadol da duk mai kodin don suna kashe wa hanji motsi. Yace wata mai zuwa za a duba jinina saboda bitamin B12, don a wajen da aka yanke ɗin ne jiki ke tsotsarsa, kuma in kumburin ya ƙi ja baya za a duba ko ƙwayoyin babban hanji ne suka yi yawa a ƙarami, shi wannan da maganinsa.

Yanzu dare na yawanci 33 ne, wani lokacin 34. Ciwon da ke tashina kusan kullum ya koma kamar sau ɗaya ko biyu a sati. Da na fara dawo da abinci, burodi yanka biyu ya zauna lafiya, kindirmo rabin kofi ma haka amma madarar gari ta ƙi, mangwaro ya ƙi, albasa ta ƙi ƙememe. Wake kuwa na jiƙa shi ya kwana, na zubar da ruwan, na surfe na cire bawon tas, na ci ƙosai uku kacal, daren nan 36. Ɗanwake ko a mafarki. Ranar da kwastomar nan ta yi min addu'ar rabuwa lafiya, miyar gidan biki na ɗan taɓa da rana don kunyar uwar amarya.

Abin da ke gabana shi ne azumi. Duk tsarin nawa a kan ci kaɗan-kaɗan sau shida aka gina shi, ga shi za a koma buɗa-baki da sahur, kuma buɗa-bakin gidanmu ƙosai ne da kunun tsamiya da dabino da kankana, kusan duk 'yan jerin da aka hana ni. Likita yace in zo mu zauna kafin watan ya kama, in ya ga ba zan iya ba zai faɗa min, na san kuma addini ya yi wa mara lafiya rangwame, amma raina yana son in gwada. Don Allah duk wadda aka taɓa yanke wa hanji ko take da mannewar nan kuma ta yi azumi, me kika ci da sahur da ya riƙe ki bai kumbura ki ba? Da me kika buɗe baki? Masu fura, ta gero zalla da kindirmo kaɗan ta zauna muku? Sannan wadda ta iya miyar taushe ko miyar kuka mai daɗi ba albasa ba wake ta taimaka min da yadda take yi, yaran nan sun fara kai ƙarata wajen kakarsu. Mai turo min maganin basir kuma na gode, Allah ya saka, akwai gora huɗu a bayan ƙofa ban taɓa ba.

Na auna yanzu kafin in ajiye waya, 33 da rabi. Tuwon shinkafa ne da kuɓewa, sai gwanda yanka biyu.